Kafin ka taɓa kafireta: abin da gejin matsi ke faɗa game da injin tsohon babur

Da zarar tsohon babur ya fara gardamar tashi, ko ya riƙa mutuwa a sulo, hannun mai shi wuri ɗaya yake nufa: kafireta. A murɗa wannan sukuru, a sassauta wancan, a kwance ta a wanke da fetur, a mayar. Babur ya ɗan saki jiki na kwana biyu, sai kuma a koma gidan jiya. A ganina an daɗe ana zaluntar kafireta a harkar tsofaffin babura. Ita ce a waje inda hannu ke kaiwa, shi ya sa take shan dukan laifin da sau da yawa na bawul ne ko na ringi.

Kafireta ba ta da famfon kanta. Fistin ne ke sauka ya zuƙo iska, iskar ta ratsa ta cikinta ta ɗebo mai. Idan silinda na yoyo, zuƙar ta yi rauni, kuma duk saitin da ka yi wa kafireta a kan wannan rauni ba zai zauna ba. Saboda haka ake fara sabis na gaske da tambaya ɗaya: wannan inji yana iya riƙe abin da ya zuƙa? Awon matsi, wanda makanikai ke cewa kamfireshan, shi ke ba da amsa.

Abin da ake aunawa

Injin bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya fitar a 1876, yana zuƙar iska da mai, ya matse su, wuta ta kama su fashe, sannan ya fitar da hayaƙi. A bugu na biyu ne bawul duka suke rufe, fistin ya taso ya cusa abin da ya cika silinda cikin ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin kan inji. Abubuwa uku ne ke tsare wannan ɗaki: ringin da ke zagaye da fistin, bawul da mazauninsu, da gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da silinda. Ko wanne ya gaza, matsi ya zurare ta nan.

Ɗauki Honda CB750 ta 1969. Injinta cc 736 ne, silinda huɗu, kowace tana da cc 184, kuma tana matse cakudar kashi 9 zuwa 1. Lissafi ya nuna ɗakin ƙonewar bai wuce cc 23 ba, wato cokalin cin abinci ɗaya da rabi. Wasu kan ɗauki wannan 9 su ninka da nauyin iskar duniya, psi 14.7 a gaɓar teku (psi shi ne ma'aunin matsin da geji ke nunawa), su sami 132, su ce abin da geji ya kamata ya nuna ke nan. Ba haka abin yake ba. Iska tana zafi idan aka matse ta, zafin kuma yana ɗaga matsi sama da wannan lissafi. A ɗaya gefen, bawul ɗin shiga ba ya rufewa sai fistin ya riga ya fara tasowa, don haka wani kaso na iskar yana komawa baya lokacin da inji ke juyawa a hankali. Injin da aka sa masa kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, zai iya nuna ƙaramar lamba alhali lafiyarsa ƙalau. Lambar da za ka kwatanta da ita tana cikin littafin gyaran wannan babur, ba ta wani ba. Tsofaffin littattafan Japan da kg/cm² suke rubutawa, kowane ɗaya daidai yake da psi 14.2. Galibin tsofaffin injunan bugu huɗu masu lafiya kan faɗa tsakanin psi 120 zuwa 180, kuma wanda ya sauka ƙasa da 100 yakan fara wahalar tashi, musamman da sanyi.

Yadda geji ke yin ƙarya

Geji shaida ne, kuma shaida sai an titsiye shi. An farke injuna masu lafiya da yawa saboda an yarda da lambar farko da ta fito.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne barin totur a rufe. Injin da aka toshe wa maƙogwaro ba ya samun iskar da zai matsa, sai geji ya nuna lamba mai tayar da hankali. Dole a buɗe totur har ƙarshe, a kuma tabbatar cok a buɗe yake. A nan akwai tarko ga masu kafireta irin wadda zuƙar inji ce ke ɗaga maƙullinta ba wayar totur ba, kamar na Honda CB450 ko BMW R75/5. Ko ka murɗa totur har ƙarshe, maƙullin yana nan a ƙasa yayin da kake buga kiki. Sai an ɗaga shi da yatsa ko an tokare shi da wani abu mai tsabta wanda inji ba zai haɗiye ba.

Inji ya kasance da ɗumi. Fistin na alminiyam yana buɗewa da zafi, ringi su kwanta sosai a bango, mai kuma ya shiga ko'ina. Awon sanyi yakan fito ƙasa. Idan babur ɗin ba ya tashi kwata-kwata, babu laifi a auna da sanyi, amma a riƙe lambar a matsayin ta wucin gadi. A cire fulogi duka, ba na silindar da ake aunawa kaɗai ba, don inji ya juya sakayau. Kafin a kwance su a hure ƙurar da ta taru a gindinsu, kada ta faɗa ciki. A rufe famfon mai. Wayoyin fulogi kuma kada a bar su suna reto: a mayar da fulogi bakinsu a jingina da jikin inji, ko a katse wutar gaba ɗaya. Kwayil ɗin da ya tara wuta bai sami inda zai zubar ba yana iya ƙona kansa, balle idan an sauya wa babur ɗin kwantak, wato maɓallin da ke buɗewa ya ba fulogi wuta, da akwatin lantarki.

Daga nan sai a ɗaura geji a ramin fulogi a juya inji har allura ta daina hawa. Mai batir sai batirin ya cika, domin sitatar da ke jan ƙafa tana rage lamba, kuma silinda ta huɗu za ta sami juyi mai rauni fiye da ta farko. Mai kiki kuwa ya buga da ƙarfi iri ɗaya, adadi iri ɗaya ga kowace silinda. Manyan injuna masu silinda ɗaya suna da 'yar liba ta rage matsi don sauƙin kiki, wadda ke ɗan buɗe bawul ɗin fita. Idan wayarta ta ɗame, za ta riƙe bawul a buɗe ba ka sani ba.

Shi kansa gejin abin dubawa ne. Gejin mota mai doguwar tiyo, wanda bawul ɗin riƙe iskarsa ke can sama kusa da agogo, yana ƙara wa ɗakin ƙonewa faɗi da cikin tiyon. A babbar silindar mota wannan ba wani abu ba ne. A Super Cub mai cc 49, wadda Honda ta fara fitarwa a 1958, ɗakin ƙonewar bai kai cc 7 ba, sai tiyon ya cinye kaso mai yawa na matsin. Gejin da ya dace da babur shi ne wanda bawul ɗinsa ke can ƙasa, daf da ramin fulogi. A kula da tsawon zaren adafta ma, domin wanda ya zarce yana iya haɗuwa da fistin. Sai tsawon ƙasa: iska tana raguwa da kusan kashi 3 cikin ɗari a duk hawan mita 300, don haka injin da ya nuna 150 a gaɓar teku ba zai kai haka a kan tsauni ba.

Karanta abin da ya fito

Ni dai ban fi damuwa da girman lamba ba kamar yadda nake damuwa da bambancin da ke tsakanin silindoji. Geji biyu za su iya saɓawa da psi 10 ko 15 a kan inji ɗaya, amma geji ɗaya a rana ɗaya ba ya nuna son kai tsakanin silinda da silinda. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada tazarar ta wuce kashi 10 cikin ɗari. Injin da ya ba da 128, 125, 130, 127 ya tsufa, amma tsufansa ya tafi daidai, zai yi sulo lafiya ya kuma yi tafiya mai nisa. Wanda ya ba da 155, 152, 156, 110 yana da ciwo a wuri guda, kuma shi ne abin tsoro, ko da yake jimillarsa ta fi ta wancan.

Yadda allura ke hawa ma magana ce. Silinda mai lafiya tana yin babban tsalle a bugun farko, ta kai ƙololuwa cikin bugu huɗu zuwa shida. Wadda ta fara ƙasa tana ta hawa kaɗan-kaɗan, ringinta ake zargi. Wadda ta fara ƙasa ta kuma tsaya a ƙasa, a duba bawul. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, mai yiwuwa gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Lambar da ta zarce ta littafi ba abin murna ba ce: baƙin gawayi ne ya taru a kan fistin ya rage ɗakin, ko mai ne ke kwarara ciki, kuma wannan gawayi kan yi ja ya kunna mai kafin lokacinsa.

Idan silinda ta fito ƙasa, sai a zuba mata baƙin mai kamar ƙaramin cokalin shayi ta ramin fulogi, a juya inji sau biyu ya bazu, a sake aunawa. Man yana toshe yoyon ringi na ɗan lokaci. In lamba ta yi tsalle, daga 110 zuwa 145 misali, ringi ko bangon silinda ne suka cinye. In ba ta motsa ba, yoyon yana sama, wajen bawul ko gaskit. Kada a cika man. Ka tuna ɗakin ƙonewar CB750 cc 23 ne kawai, mai kuma ba ya matsuwa, don haka ko lafiyayyar silinda za ta ƙara lamba idan aka malala mata. A injin da silindojinsa ke kwance, kamar BMW, man yana taruwa a ƙasan bango ya bar saman ringi a bushe, sai gwajin ya rage amfani.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da nake roƙon kowa ya yi: auna ratar bawul. A nan gizo ke saƙa a yawancin tsofaffin babura. Tsakanin bawul da abin da ke tura shi akwai 'yar rata da aka bari don ƙarfe ya samu wurin miƙewa idan ya yi zafi. Shekara da shekaru bawul na dukan mazauninsa yana nutsewa ciki, ratar tana raguwa har ta ƙare. Daga nan bawul ba ya ƙara zama daram, matsi ya riƙa sulalewa. Abin ya fi tsanani a kawunan inji na baƙin ƙarfe da aka ƙera a zamanin fetur mai dalma, domin dalmar tana zama matashi tsakanin bawul da mazauni. Amurka ta haramta wannan fetur ga motocin kan titi a 1996, Aljeriya kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi a 2021. Bawul ɗin fita yana sauke mafi yawan zafinsa ne ta wurin taɓa mazauninsa, don haka wanda ba ya rufewa sosai ƙonewa zai yi. Gyaran da zai ɗauki rabin awa da sifana da fila geji, wato siraran ruwan ƙarfe na auna rata, idan aka bar shi, sai an sauke kan inji. Bawul mai ɗan ƙara ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ya yi tsit.

Haka ma babur da ya shekara goma a jingine. Ringinsa kan manne cikin ramukan fistin da busasshen mai, mazaunin bawul ɗin da ya tsaya a buɗe kuma ya yi tsatsa sama-sama. Awon farko zai fito da muni. A gyara rata, a sa sabon mai, a tayar da shi ya yi zafi ya huce sau da dama, a ɗan yi tafiya da shi, sannan a sake aunawa. Sau da yawa lambar kan farfaɗo.

Idan har yanzu shakka ta rage, akwai gwajin da ya fi na matsi nuna wuri: a tsayar da fistin a can sama a bugun matsi, a hura iska cikin silinda ta ramin fulogi, galibi a psi 100, da na'ura mai agogo biyu da ke nuna kashi nawa ke zurarewa. Makanikai da yawa suna ɗaukar ƙasa da kashi 10 a matsayin lafiya, sama da 20 kuma a matsayin matsala. Daga nan aikin kunne ne. Huci a bakin kafireta, bawul ɗin shiga ne. Huci a salansa, na fita ne. Huci a bakin zuba mai, ringi ne, ko da yake kowane inji yana ɗan yi ta nan. A riƙe karanshaf da kyau, ko a sa giya a taka burki, kuma kada a bar sifana a kan kusoshinsa, domin iskar tana iya wurga fistin ƙasa ta juya sifanar da ƙarfin da zai karya yatsa.

Masu injin bugu biyu, irin su Yamaha RD350 ta 1973, su san cewa gejin matsi rabin labari yake ba su. Wannan inji yana fara matse cakudar a ƙasan fistin, kuma robobin da ke toshe gefen karanshaf kan bushe su tsage. Sai ya riƙa shan iskar sata yana gudu da ƙarancin mai har fistin ya narke, alhali geji na nuna lamba mai kyau.

Sabis, daki-daki

In matsi ya tabbata, sai sabis, kuma jerinsa ba son rai ba ne. Kowane mataki yana canza wanda ke bayansa. Ratar bawul tana canza zuƙa, tayimin, wato lokacin da wuta ke kamawa, yana canza sulo, su biyun kuma suna canza abin da kafireta ke buƙata. Wanda ya fara daga kafireta sai ya sake ta.

Ana auna bawul da inji a sanyaye, wanda ya kwana bai tashi ba, fistin yana sama a bugun matsi. CB750 tana son milimita 0.05 a na shiga, 0.08 a na fita. Triumph Bonneville mai cc 650, wadda ta fito a 1959, tana son inci 0.002 da 0.004. Ruwan fila gejin ya ratsa da ɗan ja kaɗan. A sake aunawa bayan an ɗaure noti, domin ɗaurin yana motsa sukurun. Injin da ke da sarƙar kamshaf, a saita abin ɗame ta a wannan zama.

Sai kwantak. Ratar bakinsa ake fara saitawa, kafin tayimin, domin ratar ce ke yanke lokacin da zai buɗe. Rata mai faɗi tana sa wuta ta zo da wuri, ƙarama tana jinkirta ta. Ɗan dunduniyar da ke gogar kam yana cinyewa a hankali, rata ta ragu, wuta ta riƙa makara, babur ya yi nauyi yana zafi ba tare da an taɓa komai ba. A CB750 ratar milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, kuma kwantak biyu ne, ɗaya na silinda 1 da 4, ɗaya na 2 da 3. A alamomin tayimin da ke jikin inji, F ita ce ta wuta, T kuma ta saman fistin, kada a rikita su. Ana iya saitawa inji a kashe da ɗan ƙwan fitila, amma fitilar tayimin mai walƙiya ce kaɗai ke nuna ko wutar tana matsowa gaba idan an ba da totur. Wannan aikin wasu 'yan ƙarafa ne biyu masu sifirin a bayan farantin kwantak, kuma su ne abin da aka fi mantawa da shi a tsohon babur. Suna tsatsa su maƙale, ko sifirin ya saki, sai sulo ya ƙi sauka, a kuma ɗora wa kafireta. Bakin kwantak da ke ƙonewa yana tartsatsi da yawa, kwandansa ce ta mutu.

Abu biyu da suka lalata babura da yawa a hannun masu kyakkyawar niyya. Sukurorin tsofaffin baburan Japan ba Phillips ba ne, ma'aunin JIS ne na Japan, wasu ma da ɗan ɗigo a kai, kuma sukundireban Phillips yana zamewa ya cinye kansu. Baburan Ingila da yawa na shekarun 1960, masu kayan wutar kamfanin Lucas, kan fosatif na batir ne ke haɗe da jikin babur, akasin abin da aka saba yau. A tabbatar kafin a maƙala fitilar tayimin ko caja.

Fulogi a sa lambar da littafi ya faɗa, a gyara ratarsa, milimita 0.6 zuwa 0.7 ga CB750, a fara ɗaura shi da yatsu domin zaren kan inji na alminiyam ba ya yafe kuskure. Tsohon da aka cire kada a yar kafin a karanta shi, ruwa ba ya tsami banza. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi sauran haɗari. Baƙin mai kuma a zaɓi mai alamar JASO MA idan kulocin yana wanka a cikin man inji, domin man motocin zamani yana da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci zamewa.

Yanzu ne lokacin kafireta ya yi. A fara da abin da ke ciyar da ita: matatar iska mai tsabta, tanki marar tsatsa, da robobin da ke haɗa ta da inji, waɗanda kan tsage su shigar da iskar sata. Fetur ɗin yau mai ethanol yana jan ruwa, yana cin tsohuwar roba, kuma idan ya daɗe a kwano yana barin danƙo. Ƙaramin jet na sulo, ɗan bututun da mai ke bi ta cikinsa, shi ke fara toshewa saboda raminsa kamar gashi yake. Babur da ba ya zama sai da cok, can za a duba. A wanke shi da ruwan wanke kafireta da iska, kada a zura masa waya ko allura, domin tagulla ce mai laushi kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. A auna tsayin fulot, abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon kafireta, shi ne ke yanke zurfin mai a kwano, kuma kowane jet a kan wannan zurfi yake aiki.

Mai kafireta biyu ko huɗu sai an daidaita su da agogon zuƙa, don kowace silinda ta ja kaya daidai da 'yar uwarta. Inji ya yi zafi sosai, a sa fanka a gabansa tunda iska ce ke sanyaya shi, a yi aikin da hanzari. Ƙarar da mutane ke ji a sulon CB750 suna zaton kuloci ya lalace, sau da yawa ɓacewa take yi da zarar kafiretocin huɗu sun daidaita. Sukurun cakuda shi ne na ƙarshe. A fara daga adadin juyin da littafi ya bayar, a murɗa kwata-kwata ana saurare har sulo ya kai inda ya fi tashi da santsi, sannan a sauko da shi wajen juyi 1,000 a minti da sukurun sulo. Kada a taɓa ɗaure sukurun cakuda da ƙarfi, bakinsa siriri ne, yana karyewa a cikin rami.

Bayan an gama a hau a yi tafiyar da za ta sa inji ya yi zafi sosai, a dawo a cire fulogi a duba launinsu. A rubuta lambobin matsi na kowace silinda, da ratar da aka tarar a kowane bawul kafin a gyara, da lambar kilomita, da gejin da aka yi amfani da shi. Bayan kilomita 500 a sake auna bawul da sanyi. Idan ratar wani bawul na fita ta sake rufewa cikin wannan ɗan lokaci, mazauninsa ne ke nutsewa, kuma kan injin zai buƙaci a dasa masa sabon mazauni mai tauri.